Ranar da Tukunyar Kaka Aune Ta Rasa Ƙwaƙwalwa

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya, kuma ko a aji aka ce in tashi in karanta sai muryata ta maƙale. Mutanen da ke cikin labarin nan nawa ne. Aune kakata ce, Raimo mahaifina ne. Na lura masu rubuta labarin bincike ba sa cewa "babana", don haka zan riƙa kiransa da sunansa, Allah ya sa kada ya karanta. Abin da ban gani da idona ba, waɗanda suka gani ne suka ba ni, kowa da ƙarin gishirinsa. Na rage iya abin da zan iya.

Wata safiyar Alhamis a watan Janairu, Raimo Kivela ya ɗauko mahaifiyarsa daga tashar bas ta Thunder Bay. Aune ta je Sudbury wurin ƙanwarta da niyyar sai ƙarshen wata, amma suka yi faɗa a kan yadda ake gasa kifi, ta haɗa jakarta ta dawo ba tare da ta sanar da kowa ba sai shi.

Tana buɗe ƙofar gidanta ta tsaya cak. Numfashinta na fita fari a tsakiyar falo. Ta cire safar hannu ta dafa tsohon lagireton ƙarfe mai ɗumama ɗaki da ke ƙarƙashin taga.

"Raimo, gidan nan ya mutu."

Raimo ya sauka ɗakin ƙasa, inda tukunyar ɗumama gidan take. Murfinta na jingine da bango. A wurin da koren allon lantarki yake zama, babu komai sai wayoyi suna reto. Ya kira 'yan sanda, ya kira mai gyara, sannan ya hau sama ya faɗi abin da ya daɗe yana son faɗa.

"Mama, kin gani ko? Shekarunki saba'in da takwas, ke kaɗai a gida. Ɗakin nan na gidan tsofaffi sun ce za su riƙe mana shi zuwa Litinin. In ba a samu ɗumi yau ba, magana ta ƙare."

"Tsofaffin su gaishe ka," in ji Aune. Ta zauna a kicin da rigar sanyinta a jiki.

Kofur Loretta Colosimo ce ta zo. A layin ta girma, kuma ta ci burodin Aune tun ba ta kai tsayin tebur ba. Ta cire takalmanta a bakin ƙofa kamar kowa, ta bi ɗakunan da safa. Talabijin na nan. Cokulan azurfa na nan. Ba a fasa taga ba, ba a taɓa kwaɗo ba. Amma famfon kicin yana ɗiga a hankali, na banɗaki ma haka. An buɗe ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke. An kwashe tukwanen furanni daga bakin taga an jera su a kan tebur, an lulluɓe su da bargo.

"Mama, ke kika bar su haka?" in ji Loretta.

"Ni? Na bar gida da ɗumi, me zai sa in bar famfo yana zuba?"

"Su wa ke da makulli?"

"Ni da wannan," ta nuna ɗanta da haɓa. "Sai na cikin sauna, ɗakin wankan tururi da ke bayan gida, ƙarƙashin bokiti."

"Wa ya san da shi?"

"Ke ma kin san da shi, 'yar nan. Duk layin nan sun sani."

Loretta ta leƙa ta taga. Dusar ƙanƙarar da ta sauka da asuba ta shafe bayan gidan tas, ko sawun kyanwa babu.

Mai gyaran ya iso yana buga ƙafa. Gilles Thibodeau sunansa, gajere ne mai ƙaton gashin baki, kuma shi ya kafa tukunyar tun farko. Suka sauka su uku da Raimo. Gilles ya haska tocila ya yi fito.

"An cire mata ƙwaƙwalwa."

"Yi mini bayani kamar ban san komai ba," in ji Loretta.

"Ai ba sai na yi kamar ba, Kofur." Ya tsuguna. "Kin ga ma'aunin zafin da ke bangon falo? In ya ce gida ya yi sanyi, allon yake faɗa wa. Allon ne zai tada fanka ta kore gas ɗin da ya kwana a ciki. Shi zai ƙyasta wuta, ya buɗe gas, ya duba ko ta kama. In ba ta kama ba ya rufe gas nan take, kada gidan ya tashi da mutanensa. In ta kama, ya tada injin da ke tura ruwan zafi cikin bututai, ya tsaya yana gadi kada ruwan ya wuce zafin da aka ce masa. In babu shi, wannan ba tukunya ba ce, akwatin ƙarfe ne."

"Ba za a haɗa wayoyin kai tsaye ba, ko na yau kawai?" Raimo ya tambaya.

"Haɗa mana. Amma bari in kai motata ƙarshen layi tukuna."

"Sabo fa?" in ji Loretta.

"Sun daina ƙera irinsa. In an dace, mako biyu. Kuma yau da dare an ce sanyi zai kai talatin da biyar ƙasa da sifili. Lagiretocin da ke jikin bango za su fashe kafin gari ya waye. Abin da zan iya shi ne in zubar da ruwan duka kafin rana ta faɗi. Gida zai tsira, amma ba mai iya kwana a cikinsa."

"Kin ji," in ji Raimo.

Loretta ta juyo ta dube shi. "Na ji. Na kuma ji kai ne kake son ta bar gidan. Kai ne ke duba mata shi da ta yi tafiya?"

"Ni ne. Kullum."

"Kullum? Jaridu sun taru a bakin ƙofa, Raimo."

Kunnuwansa suka yi ja. "To, tun Lahadi ban zo ba. Mun je kamun kifi a kan ƙanƙarar tafki, ni da abokai. Ki tambaye su. Amma don Allah kada ki faɗa mata."

"Nuna mini inda ake rufe gas."

Raimo ya duba hagu, ya duba dama, ya ɗora hannu a kan wani jan mariƙi da ƙarfin gwiwa. Gilles ya tuntsire da dariya.

"Wannan na injin wanki ne, Yallaɓai."

Muryar Aune ta sauko daga saman bene. "Ki bar shi, Loretta. Ɗana ne. Ko ƙwan fitila ya mutu sai ya kira matarsa."

Wanda ya cire allon ya rufe gas, ya kashe wuta, ya bi komai daki-daki. Loretta ta cire Raimo daga lissafi, ta koma kan Gilles.

"An ce ka daɗe kana matsa mata ta sayi sabuwar tukunya."

"Ina matsa wa kowa. Sana'ata ce."

"Ka san inda makulli yake."

"Har na taɓa mantuwa da shi a aljihu." Ya miƙa mata tocilar. "Amma duba nan, Kofur, ki daina zagina."

Ta sunkuya. A jikin kowace waya an ɗaura guntun zaren saƙa. Ja, shuɗi, rawaya, kore, kowace da launinta.

"Shekara ashirin da biyar ina aikin nan," in ji Gilles. "Kowace waya da irin bakinta, ba ta shiga ramin wata. Ido rufe zan mayar da su. Wanda ya ɗaura zare tsoro yake ji. Kuma da ciniki nake nema, da na sassauta waya guda na tafi, wa zai gane?"

Zaren daga kwandon saƙar Aune aka ciro shi, don haka bai nuna kowa ba. Amma Loretta ta daɗe a tsugune. Ta ɗauki sukurorin murfin da aka ajiye cikin wani kofi, ta juya su a tafin hannu. Kawunansu sun cinye, suna ƙyalli.

"Yaushe rabonka da buɗe murfin nan?"

"Tun kaka. Kuma ba haka na bar su ba. Ni ba na cin kan sukur."

"In tun Lahadi tukunyar take a kashe, yaya gidan zai kasance yanzu?"

Gilles ya dafa wani bututu, ya yamutsa fuska. "Da tuni muna wasan sulu a kan ƙanƙara a kicin. Wannan jiya ma ya ga ruwan zafi."

"A wane gida kuma allon zai yi aiki?"

"A layin nan? Gida huɗu. Shekara ɗaya na kafa musu duka." Ya lissafa mata sunayen, sannan ya ci gaba da mita shi kaɗai. "Ko sabon ya zo sai na ɓata rabin yini ina saita shi. Lagiretocin tsohuwar nan ruwa suke so kamar zai tafasa, haka na saita mata. Masu bututu a ƙarƙashin daɓe kuwa ruwan wankan jariri suke so. Kuma allo ba ya mantuwa, ko an cire shi daga wuta, da halin gidansu yake tafiya."

Loretta ta hau sama, ta sa takalma, ta fita.

Gida na farko, tukunyarsu sun canza ta bara. Gida na biyu, wata malamar makaranta ta ba ta kofi, ta kai ta ɗakin ƙasa da kanta, ƙura ma ba a taɓa ba a kan murfin. Tana fitowa daga nan ta hangi gida na uku, wanda ke kallon na Aune ta tsallaken titi. Tagar kicin ɗinsa a buɗe take. A Janairu, a irin sanyin da ke daskarar da gashin hanci, wani ya tokare taga da cokalin katako.

Gidan Orest Hnatiuk ne. Ya yi ritaya daga rumbunan alkama na bakin tafki, kuma kowa ya san alfaharinsa guda ne: tunda ya sayi gidan, mai gyara bai taɓa taka masa ƙofa ba, sai ranar kafa tukunya. Ya buɗe mata yana sanye da singileti, goshinsa na naso.

"A'a, Loretta. Lafiya na ga mota?"

"Lafiya lau, Baba Orest. Tambayoyi ne kawai. In shigo?"

"Ba sai kin cire takalmi ba," ya faɗa da sauri. "Gidan duk datti ne."

Wannan magana ita ta fara tona shi. A garin nan ba wanda zai ce ka shigo masa da takalmin da ya taka gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara, balle gidan Halyna, matarsa, wadda take goge daɓe sau biyu a rana lokacin da take da lafiya. Loretta ta zauna a kan benci, ta kwance igiya a hankali, ta cire takalman, ta taka.

Zafin ya ratsa safarta kamar ta taka yashin bakin tafki da tsakar rani. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta sauke, ta ɗaga ɗayar. Karensu na kwance a kan matakala ta uku, ya ƙi saukowa. A kan kujerar falo Halyna na zaune ta naɗe ƙafafu sama, da siririn tiyo a hancinta daga injin da ke ba ta iskar shaƙa.

"Zo ki gani, 'yata," in ji Halyna. "Limoniya ba ta kashe ni a asibiti ba, wannan tsohon ya rantse sai ya gasa ni a gida. Kwana uku ke nan. Na ce ya kira Gilles, ya ce shi ma injiniya ne."

"Na rage ma'aunin," in ji Orest. "Daɓen ne ba ya jin magana."

"Baba Orest, yaushe tukunyarka ta lalace?"

"Wa ya ce ta lalace? Ba ki jin zafi?"

"Ina ji. Zafin gidan Mama Aune nake ji."

Injin iskar Halyna na huci a gefenta.

"Mu sauka mu duba tare," in ji Loretta, "ko in kira Gilles ya duba?"

Orest ya zauna a kan bencin takalma. Ya shafa kansa da hannu biyu.

"Kada ki kira wannan mai gashin bakin. Zai ba da labari har a jana'izata."

"Wane allo kuma?" in ji Halyna, da ta ji ya fara faɗa wa Loretta yadda ya ɗauko allon Aune. "Orest! Sata? Da tsufanka? Da kake ce mini kana zuwa ba tsuntsaye abinci?"

Ranar Litinin allonsa ya ƙone, kwana guda bayan an sallamo Halyna. Ya yi odar wani ta intanet, aka ce sai mako biyu. Ya kunna hita biyu na lantarki, suka riƙa ɗauke wutar gidan, injin iskar ma yana tsayawa. Lambar ƙanwar Aune ba shi da ita. Raimo kuwa, Orest ya san amsar da zai ba shi in ya roƙi aron allon.

Rana ta karkata lokacin da aka taru a kicin ɗin Aune. A nan ne ni ma na iso daga makaranta, don haka daga nan da idona na gani. Orest na tsaye a bakin ƙofa, ya rungume allon a cikin tawul. Loretta ta jingina da firiji ta yi bayani.

"Ɓarawo ba ya barin famfo na ɗiga don kada bututu ya daskare, kuma ba ya lulluɓe furanni. Wanda ya shigo yana tsoron gidan ya lalace. Zaren da ya ɗaura ya nuna ba gwani ba ne, ya kuma nuna yana da niyyar mayarwa. Sukurorin sun cinye saboda ba sau ɗaya aka kwance su ba. Gidan kuma bai daskare ba, alhali mai gadinsa yana kan tafki."

"Kan me?" in ji Aune.

Raimo ya mayar da hankalinsa kan silin.

"Ashe allon kai da komo yake yi," Loretta ta ci gaba. "Ya kwana a can, da rana a kawo shi nan ya ɗumama gidan, da yamma a mayar. Yau ma da tsakar rana zai kawo shi, sai ya ga motata. Saura in gano inda yake kwana. Gilles ya ce allo yana tafiya da halin gidansu. Wanda aka koya wa tafasa ruwa don lagireto, in aka kai shi gidan da bututu ke ƙarƙashin daɓe, ƙafa ce za ta fara sani."

"Ka ci sa'a tayil ɗinka bai tsattsage ba," in ji Gilles. "Injiniya."

"Rufe mini baki," in ji Orest, amma a hankali.

"Mama," in ji Loretta, "shiga gida ne ba izini, da ɗaukar kaya. In kin ce in rubuta, zan rubuta."

"Ta rubuta mana!" in ji Raimo. "Mutum ya shigo gidan tsohuwa..."

"Mutum ya shigo gidan tsohuwa sau biyu a rana," in ji Aune. "Kai sau nawa ka shigo?"

Ta miƙe, ta je ta tsaya a gaban Orest. Kanta bai wuce kafaɗarsa ba.

"Wa ya ce maka ana lulluɓe furanni da bargon baƙi?"

"Shi na gani, Aune."

"Ɓarawon banza. Ba Gilles abin nan." Ya miƙa. "To yanzu allo ɗaya, gida biyu. Halyna ba za ta kwana cikin sanyi ba, ni kuma ba inda zan je. Gilles, ka mayar da nawa, ka tsallaka ka zubar da ruwan gidansu. Kai kuma je ka ɗauko matarka da injinta da wannan karen naku mai wari. Ɗakin baya na nan. Za ku zauna har naka ya iso. Za ka kwashe mini dusar ƙanƙara, za ka fitar da shara, kuma ba za ka taɓa ko makunnin fitila ba a gidan nan."

"Gara ki rufe ni, Loretta," in ji Orest. Idanunsa sun kawo ruwa.

"Hukuncin ya fi ƙarfina, Baba."

"Mama, maganar ɗakin nan fa?" in ji Raimo. "Litinin..."

"Ka ce ni kaɗai ce a gida. Ƙirga mu yanzu. Ka kira su ka ce ina da baƙi."

Raimo ya dubi Loretta, ta ɗauke kai. Ya dubi Gilles, shi kuma tuni ya sauka. Sai ya ciro wayarsa, ya juya ta a hannu, ya ce ai ko gobe ma zai iya kiransu, kuma wa zai taya Orest ɗauko injin iskar, don yana da nauyi.

Ba a jima ba muka ji daga ƙasa. Fanka ta tashi. Ta yi ta juyawa har na fara tunanin wani abu ya lalace a hanya. Sai ƙas, ƙas, ƙas. Sai wani ɗan gurnani mai laushi. Kowa ya kasa kunne, har Aune. Can lagireton kicin ya yi ƙwanƙwasa ɗaya, ya ƙara, kamar baƙon da ke jin kunyar shigowa. Aune ta ɗora tafin hannunta a kai ta jira. Da ta cire hannun, sai ta fara kwance maɓallan rigar sanyinta.

"Wa zai sha kofi?"

Daga nan kicin ya cika da hayaniya. An shigo da Halyna a naɗe cikin barguna tana zagin mijinta tun daga titi. Karen ya shige ƙarƙashin tebur. Gilles ya hau yana ba da labarin tun daga farko, ya mai da kansa wanda ya gano komai, Loretta na tauna burodi tana gyaɗa masa kai. Wani ya ce a ƙaro kujeru.

Ni dai ban iya zama cikin mutane da yawa ba, kuma na ji tsoron kada a tambaye ni abin da nake wa murmushi. Takalmana na nan kusa da ƙofar baya. Na sa su a tsaye, na ja ƙofar a hankali don kada ɗumin ya fita.